Tsohuwar Land Rover tsakanin 'yan gwangwan da masu tarihi

A ranar 30 ga Afrilun 1948 ne kamfanin Rover na Ingila ya baje wata ƙaramar mota mai rufin tamfol a kasuwar baje kolin motoci ta Amsterdam, ya raɗa mata suna Land Rover. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin, shi ya tsara ta domin manoma, yana kwaikwayon Jeep ta sojan Amurka. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka ƙera jikinta da alminiyum.

Ɗaya daga cikin motocin da aka nuna a Amsterdam ta ɓace shekara da shekaru, har sai a 2016 aka gano ta yashe a wani lambu kusa da Solihull, garin da aka ƙera ta. A 2018 kamfanin ya shiga gyaranta, amma bai yarda a taɓa koɗaɗɗen fentinta ba, domin a ganinsu koɗewar ma tarihi ce. A 2016 ɗin dai kamfanin ya fito da shirin sayo tsofaffin samfurin farko guda 25 daga sassan duniya, ya maido da su kamar sababbi, ya sayar.

To, mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Jega da wannan labari? Ai dattawan ƙasar Gwandu ba baƙin motar nan ba ne. Irinta ce ta riƙa kai Di'o rangadi, ita ce motar ma'aikatan En'e da malaman gona da na dabbobi tun kafin kwalta ta wadata, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Kuma muna da abin da Turawa ba su da shi. Damshin ƙasarsu da gishirin da suke watsa wa tituna lokacin hunturu ke cinye shasin motar, wanda shi na ƙarfe ne. Busasshiyar iskar Maiyama ko Aliero kuwa takan bar shi ya daɗe.

Abin takaicin shi ne, alminiyum ɗin da ya hana ta tsatsa shi ne ajalinta a wurinmu. Ɗan gwangwan ba ya tambayar wa ya taɓa hawanta. Sikeli zai ɗora ta, maƙera su narke, ta koma tukwanen biki. Magada kuma, da ba su san darajar abin da ke kwance a bayan gida ba, sukan ɗauka an rage masu shara ne.

Hasali ma ba gyara ne mataki na farko ba. Masu sayen irin waɗannan motoci lambar shasi da ta inji suke fara dubawa, sannan takardun mallaka: wa ya saya, a wace shekara, hannun wa ta koma. Motar da aka sauya wa inji aka mulke ta da sabon fenti takan rage ƙima, komai ƙyallinta. Saboda haka duk gidan hakimi ko sakatariyar ƙaramar hukuma da ke da ragowar irinta, ya kamata a rubuta lambobin, a ɗauki hoto, a ji ta bakin tsohon direbanta tun yana raye. Jami'ar kimiyya da fasaha mallakar Jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da ɗaliban injiniya. Jega kuma ba ta rasa tsofaffin kanikawan da suka san kabureta da hannu, ba sai da kwamfuta ba.