Madubi Mai Kwamfuta Ko Allon Bango?

Daga cikin na'urorin da zamani ya shigar gidajen masu hali akwai biyu waɗanda manufarsu ɗaya ce, wato sanar da maigida lokaci da yanayin gari da alkawuran da ke gabansa, amma hikimar ƙirarsu ta sha bamban.

Shi madubin, asalinsa gilashi ne mai siririn shafe na ƙarfe, an ɓoye allon kwamfuta a bayansa, ta yadda duk inda allon ya yi baƙi sai mutum ya ga fuskarsa, inda kuwa ya haskaka sai rubutu ya ratso ya bayyana. Dalili ke nan farin rubutu bisa baƙi ya fi dacewa da shi, kuma idan hasken ɗaki ya yawaita sai rubutun ya dusashe. Wani mutumin Holan, Michael Teeuw, ya shahara da haɗa irinsa a 2014 da 'yar kwamfutar Raspberry Pi.

Allon bango kuwa, misalin Echo Show 15 na kamfanin Amazon wanda ya fito a 2021, babu hijabi tsakaninsa da ido: launinsa garau, ana taɓa shi da yatsa, ana yi masa magana ya amsa. Sai dai yana da kyamara da makirufo, al'amarin da ya wajaba mai kishin sirrin iyalinsa ya yi nazari a kansa kafin ya rataye shi.

Madubin ƙawa ce, ba laifi. Amma gidan da ake son kowa ya karanta jadawali daga nesa, allon ya fi fa'ida.