Gyara Wa Gurgu Da Makaho Hanyar Masai

Maigida, ko a gidanka akwai wanda shan-inna ta shanye wa ƙafa, ko makaho, ko tsohon da gwiwa ta gaza? To, wannan magana taka ce.

Rabon da a ga asalin ƙwayar shan-inna a Nijeriya tun 2016 ne, saboda ɗigon rigakafi, kuma lalle a ci gaba da ɗiga wa yara. Amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu. Dubi mai rarrafe in zai kewaya. Da tafin hannunsa yake taka ƙasar masai, da damina kuwa har da caɓi. Da wannan hannun zai ci tuwo, sau da yawa akushi ɗaya da 'ya'yanka. Ta haka gudawa da tsutsar ciki ke zaga gida. Wani ma sai ya rage cin abinci da shan ruwa don kunyar a riƙa ɗaukarsa, har ya rame a ce sammu ne.

Gyaran ba shi da tsada. Ka daɓe hanya daga ɗakinsa zuwa masai, ka kawar da turmi da turke daga kanta. Faɗin ƙofa ya kai ƙafa 3, don keken guragu ya shige. In akwai dokin ƙofa, a yi masa gangare: tsawon inci 12 ga kowane inci 1 na tudu. Gangaren da ya fi haka tsayuwa kifar da keke yake yi. Kafinta ya huda tsohuwar kujera a ɗora bisa ramin, a kafa itace mai ƙarfi a gefe don dafawa. Mai rarrafe a sassaƙa masa takalman hannu na katako, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙasa inda zai kai.

Makaho kuwa igiya ta ishe shi. A ɗaura ta daidai ƙugu daga ƙofar ɗaki har masai, a kuma yi wa rijiya baki da murfi.

A 2019 aka sa hannu kan dokar da ta ce gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga nakasassu. In asibitin ƙauyenku ko makaranta matakala kaɗai gare su, ku gaya wa dagaci da malamin tsabta.