Toshi da Kyautar Ranar Haihuwa a Farkon Neman Aure

Tun kafin bikin zagayowar ranar haihuwa ya shigo biranenmu, da kek da kyandirori, Bahaushe yana da ƙa'idarsa game da abin da saurayi ke miƙa wa budurwa, wato toshi, wanda akan bayar a wurin zance ko lokacin Sallah, galibi 'yan kuɗi ko turare ko sabulu. Hikimar mutanen dā ita ce, kyautar farko ta kasance ƙarama, ta yadda idan Allah bai ƙaddara auren ba, babu mai jin nauyin wani. Manyan kaya kuwa, irin su na-gani-ina-so da lefe, sai magabata sun shiga maganar, a kai su a fili.

Yanzu fa, yaron da bai daɗe da fara zuwa zance ba, sai ya ci bashi ya sayo wayar salula mai tsada saboda ranar haihuwar yarinya, alhali iyayenta ko sunansa ba su sani ba. Game da mayar da irin wannan kyauta, malaman Malikiyya sun bayyana cewa idan namiji ne ya fasa neman auren, ba shi da haƙƙin karɓar abin da ya bayar, amma idan daga ɓangaren mace ne, yana iya nema, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa wa haka. Husuma a kan mayar da kyauta kuwa takan kai iyalai gaban alƙali. Saboda haka, samari, ku tsaya iyakar ƙarfinku. Ke kuma 'yata, duk abin da aka ba ki, ki nuna wa mahaifiyarki.