Tsirkiyar gitar bas da ƙurar Kurfai

Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Makaɗin gitar bas da tsirkiyarsa ta mutu ana gobe biki ya san nisan wannan hanya.

Tsirkiya iri biyu ce. Akwai mai kaushi, wadda aka naɗe da mulmulalliyar waya; kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa ta tun 1966. Muryarta garau take, amma ƙurar hunturu da gumin hannu suna shiga tsakanin naɗin, cikin ƴan watanni ta dushe. Mai santsi kuwa da waya mai faɗi aka naɗe ta, ƙura ba ta samun mamaƙala. Da irinta gitar Fender ta 1951 ta fito, kuma James Jamerson, makaɗin Motown a Amurka, yakan yi shekaru bai sauya tasa ba.

Ta fi tsada, muryarta kauri gare ta, ba kaifi. A filin biki, inda kalangu ya cika kunne, kaurin ake nema wajen bas.

Ɗan kasuwan da aka ba saƙo ya tambayi tsawon gitar tukuna: daga wuya zuwa gindin tsirkiya galibi santimita 86 ne. In mai santsi ta yi tsawo har kaurinta ya hau maɗauri, tana iya tsinkewa.