Abincin ɗan ƙwallon kwando yana cikin tankinka: yadda za ka yi banda a gida

Yau zan ɗan biyo da ku ta wata hanya mai nisa kafin mu iso gida, ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon kwando ta Amurka, wato gasar NBA, ya ga irin ƙattin da ke cikinta. Mutum ya haura mita 2 a tsayi, nauyinsa ya wuce kilo 100, amma yana gudu yana tsalle kamar ɗan akuya. Wasanni 82 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka guda, ban da zagayen neman kofi. To me irin wannan mutum yake ci?

Masana abincin 'yan wasa suna cewa mai motsa jiki sosai yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mai kilo 110 ke nan yana neman abin da ya kai giram 130 zuwa 220. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal a cikinsa. Gasasshen ƙirjin kaza mai giram 100 yana ba da kusan giram 30. Shi ya sa farantinsu ba ya rabuwa da kaza da kifi da ƙwai, a haɗa da shinkafa ko taliya ko dankali saboda ƙarfi, da ganye, da ruwa mai yawa. Kuma an fi son gashi a kan suya, don maiƙo yana sa jiki nauyi.

Mu ɗauki namu na gida, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Musulmi ne mai riƙo da addini, yana buga wasa da azumi a bakinsa. A watan Fabrairun 1995, wanda ya yi daidai da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata. Wanda zai yi wannan aiki da cin sahur da buɗa baki kaɗai, ai ka san ba ya wasa da abin da zai sa a ciki.

Yanzu sake duba farantin nan: kaza, kifi, ƙwai. Abin da ke cikin kejinka da tankinka ke nan a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu. Kayan da muke kiwo su ne abincin masu ƙarfi a ko'ina a duniya. Matsalarmu ɗaya, yadda muke rabuwa da su.

INDA MAI KIWO KE FAƊUWA

Na daɗe ina lura da abu guda. Mutum zai yi wata biyar ko shida yana ɗawainiya da tarwaɗa, ya sayi abinci da tsada, ya yi ta canjin ruwa. Ranar kwasa sai ɗan sari ya zo da sikelinsa ya yanka farashin da ya ga dama. Ka ƙi sayarwa, kifi ya ci gaba da cin kuɗinka. Ka kwashe, ba wutar da za ta riƙe maka firiza. Ka ce za ka kai wata kasuwa da rai, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba a son sammako ba a son dare, ga zafin rana. Shi ma mai kajin buroila haka yake, da sun cika sati shida zuwa takwas duk abin da suka ƙara ci daga ribarsa ake cirewa. Ɗan sari ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya gaggawa.

Banda ita ke mayar da gaggawar kansa. Kifin da ya ji banda ya bushe ba ya cin abinci, ba ya neman ruwa, ba ya mutuwa a mota. Kai ke da ikon cewa "a'a, sai wani satin."

SU DA MU

Birnin Houston da Olajuwon ya yi wasa yana cikin jihar Texas, wadda ta yi suna wajen gashin hayaƙi. Magidanci zai ajiye gangar ƙarfe mai murfi a bayan gida, ya hura wuta a wani ɗan akwati da ke gefe, hayaƙi da ɗumi kawai ke ratsa naman. Zafin ba ya wuce digiri 107 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙirjin sa yakan kwashe awa goma ko fiye kafin a sauke.

Mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Mu ne masu tsire da balangu da kilishi, kuma masuntan Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bunguɗu, da na madatsar Bakolori sun gaji banda kaka da kakanni. Abu biyu kawai ya kamata mu ara: murfi, da raba nama da harshen wuta. Bandarmu ta buɗaɗɗen waje tana cin itace, tana baƙanta kifi, wani gefe ya ƙone wani bai nuna ba. A Gana ma gyaran da aka yi ke nan a 1969, lokacin da aka fito da murhun Chorkor tare da hukumar FAO: murhun ƙasa ne da ake jera tire-tiren raga a kansa, wani kan wani, a rufe na sama. Itace kaɗan, kifi mai yawa.

HAƊA GANGARKA

Nemi gangar ƙarfe mai lita 200. Sharaɗi: kada ta zama wadda aka taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadari a ciki. Kai wa mai walda ya yanka ƙaramar ƙofa a ƙasa ta sa garwashi, ya sa ƙarafa a ciki da za su ɗauki raga hawa biyu ko uku, ta farko ta yi nisan aƙalla kamu ɗaya daga wuta. Tsakanin wuta da raga a sa faranti mai tare maiƙo. A huda murfin wuri uku ko huɗu. Kafin fara aiki a hura mata wuta mai ƙarfi ba komai a ciki, fenti da datti su ƙone.

Wannan farantin kada ka raina shi. Idan kitse na ɗiga kan garwashi, baƙin hayaƙin da ke tashi yana ɗauke da sinadaran da likitoci ke dangantawa da ciwon daji, shi ne kuma ke sa kifi ɗaci.

Makamashi: gawayi mai kyau don zafi, sai ka riƙa jefa guntayen busasshen iccen mangwaro ko gwaiba ko totuwar masara don hayaƙi da ƙamshi. Ban da leda, ban da taya, ban da katako mai fenti, kuma kada a hura da kananzir.

BANDAR TARWAƊA

1. Zaɓi mai giram 300 zuwa 500. Ita ta fi saurin bushewa, ita ce kuma mai miya ke iya saye. Ga wata riba: wannan girman ana samunsa a wata uku zuwa huɗu, ka huta da abincin sauran watannin.

2. Daina ba su abinci kwana guda kafin kwasa, cikinsu ya yi tsabta.

3. Cire yauƙi da gishiri ko toka, a farke ciki a fitar da hanji da matsarmama a hankali, a wanke tas.

4. A jiƙa a ruwan gishiri, kofi ɗaya na gishiri cikin kofi goma na ruwa, na minti 20 zuwa 30. Mai son ɗanɗano ya ƙara citta da tafarnuwa da kanumfari.

5. A naɗe, a soke wutsiya da kai da tsinke, a jera a inuwa ruwan ya tsane. Jiƙaƙƙen kifi ba ya karɓar hayaƙi da kyau.

6. A fara da wuta kaɗan-kaɗan na awa ɗaya ko biyu. Idan ka buɗe mata wuta tun farko fatar za ta fashe, waje ya bushe ciki yana ɗanye. Daga nan a ƙara zafi ya nuna, ana juyawa, ana musanya ragar sama da ta ƙasa.

A nan hanya ta rabu biyu. Akwai mai taushi, wanda awa uku zuwa biyar ta ishe shi. Ya fi daɗi a baki, amma kwana biyu ko uku ne iyakarsa. Akwai busasshe, wanda za a rage wuta a ci gaba da shi yini guda ko fiye, a bari ya huce, washegari a sake ɗora shi. Alamarsa: ya yi sakayau a hannu, launinsa ja-ja mai sheƙi, ka matsa kusa da kai ba ka ji laushi ba. Shi ne mai yin makonni.

Kada ka ƙulle shi a leda da ɗuminsa, zai yi gumi ya yi fumfuna. Ya huce sarai tukuna, a ajiye a wuri mai iska. Da damina, lokacin da iska ke da laima, a riƙa ɗumama shi a ganga duk bayan 'yan kwanaki. Sannan don girman Allah kada kowa ya fesa wa kifi Sniper ko wani maganin ƙwari saboda tsutsa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Guba ce, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci.

KAZA FA?

Kaza lissafinta daban. Gashin hayaƙi ba zai sa ta yi makonni ba, ciniki ne na ranar. A tsaga ta ta baya a baje, a shafa gishiri da yajin ƙuli da citta da masoro, a bar ta awa biyu a wuri mai sanyi. A ganga mai murfi buroila takan ɗauki awa biyu zuwa uku. In kana da ma'aunin zafi, soka a tsokar cinya, sai ya nuna digiri 74. In babu, huda gaɓar cinya: ruwa ya fito fari, ba alamar jini. Shawarata, kada ka yanka sai ka karɓi oda. Ka sanar a WhatsApp tun Laraba cewa ranar Asabar akwai gashi, ka ƙirga, ka yanka daidai.

LISSAFI KAFIN WUTA

Nan ne sababbi ke ruɗewa. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanyar tarwaɗa ke ba da kilo ɗaya busasshe. Kilo 40 zai dawo 10 zuwa 13. Saboda haka kuɗin kilo ɗaya na busasshe dole ya kai ninki huɗu na ɗanye, sannan ka ɗora gawayi, gishiri, leda, kuɗin mota da ladan wahalarka. Auna kafin ka ɗora, auna bayan ka sauke, rubuta a littafi. Idan kasuwar da kake hari ba za ta biya haka ba, sayar da ɗanye ya fi maka.

Masu saye kuwa suna nan. A Gusau akwai masu gidajen abinci, matan aure masu zuwa cefane kasuwar Tudun Wada, ma'aikata, ɗaliban Jami'ar Tarayya, da samarin da ke motsa jiki a filin wasa na Sardauna, waɗanda su ma furotin ɗin nan suke nema daidai aljihunsu. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu tana kan ta Sakkwato, matafiyi kuwa tsarabar da ba ta lalacewa yake so. Ƙulla ƙanana, uku-uku ko biyar-biyar a leda mai tsabta, da lambar wayarka a jiki.

Kada ka fara da tanki guda. Ɗauki tarwaɗa goma, gwada, ba mutanen gida da maƙwabta su ɗanɗana su faɗa maka gaskiya. Karo na uku za ka fahimci halin gangarka, don kowace da yadda take riƙe wuta. Wanda ya riga ya fara a cikinku, ya faɗa mana a ƙasa wane icce yake amfani da shi da kilo nawa yake samu, mu ƙaru da juna. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.