Daga Gobir Zuwa Zanzibar: Aikin Koyad Da Turanci A Tsibirin Teku

In ka ce wa Bagobiri "tsibiri", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne garin nan na kusa da Maraɗi, inda sarakunan Gobir suka kafa sabon zama bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wanda daga cikinsa ne kuma Ɗan Halima ya fito da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Amma tsibirin da za mu yi magana a kansa yau wani ne dabam, watau ƙasar da ruwan teku ya kewaye ta ko ta ina. Dalilin maganar kuwa shi ne, samarinmu masu ilmi su kan ga hotunan irin waɗannan wurare cikin wayoyinsu, ga farin rairayi, ga itatuwan kwakwa, sa'an nan a ce musu wai duk mai jin Turanci ya na iya zuwa can ya koyar, ya ci abinci. To, ya kamata malamin da ke Sabon Birni ko Isa ya san gaskiyar al'amarin tun bai sayad da gonarsa ba.

Hanyoyin zuwa iri biyu ne. Ta farko ita ce wadda samarin Ingila da na Amurka suka fi bi. Yaro ya kan yi ɗan kwas na 'yan makonni, ya karɓi takardar shaida, ya biya wa kansa kuɗin jirgi, ya je ya koyar wata biyu ko uku, galibi ba albashi, ya sha iskar teku, ya koma gida. Wannan hanyar mai abin hannu ce, kuma rabinta yawon buɗe ido ne.

Ta biyu ita ce ta Gwamnati. Cikin 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, sa'ad da Farfesa Bolaji Akinyemi ke Ministan Harkokin Waje, Nijeriya ta kafa shirin aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na tekun Fasifik, wanda a ke kira TAC a taƙaice. A kan zaɓi malamai da likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda suka goge da aiki, su yi shekara 2 a ƙasar da ta roƙa. Nijeriya ce ke biyansu, ƙasar da ta karɓe su kuwa ta ba su masauki. Ta haka 'yan Nijeriya suka yi aiki a Fiji da Jamaika da Seshel da Zanzibar. Abin ya zama kamar rama alheri, gama dattawanmu ba su manta ba, tun daga 1961 Amurka ta riƙa aiko da samarinta na sa kai su na koyarwa a makarantun ƙasar nan, daga baya kuma malaman Indiya da Fakistan da Masar suka cika kwalejojin Arewa.

Cikin waɗannan wurare Zanzibar ce ta fi kusa da halinmu, don haka za mu daɗe a kanta. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, a gabas da Afirka, Unguja kuwa tafiyar kamar awa 2 ce cikin jirgin ruwa mai sauri daga Darussalam. Larabawan Oman sun mulke ta, har Sarki Sayyid Sa'id ya mai da ita babban birninsa wajen 1840. Kanumfarinta ya shahara duniya. Ran 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin mulki aka kori Sarki, cikin Afrilu na shekarar kuma ta haɗu da Tanganyika suka zama Tanzaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, kusan dukansu Musulmi.

Bagobirin da ya sauka can zai ji kiran salla kamar ya na gida, ya ga yara da rana su na tafiya makarantar Alkur'ani. Sai dai mazhabar Shafi'i suka fi bi, saboda haka zai ga 'yan bambance-bambance cikin salla, kada ya ɗauka ɓata ne. Harshensu Suwahili ne, kuma ya sha Larabci kamar yadda Hausa ta sha. Mu na cewa duniya, su na cewa dunia. Mu labari, su habari. Mu alƙalami, su kalamu. Mu sabulu, su sabuni. Malam kuwa mwalimu su ke ce masa. Ko kuɗinsu ma shilingi ne, watau sulen nan da kakanninmu suka kashe.

Matsalar yaransu a makaranta kuwa ita ce ta yaranmu. Yaro ya tashi da Suwahili, da shi ya ke wasa, da shi a ke fara masa karatu, amma da ya shiga sakandare sai ya iske lissafi da kimiyya duk da Turanci a ke yi, jarrabawa ma haka. Shi ya sa ko wane malami da ya je, ko da lissafi aka aika shi ya koyar, sai ya zama malamin Turanci. A nan ne malaminmu ya fi Bature, a ganinmu. Bature ya sha Turanci tare da nono, bai san inda ya ke da wuya ba. Wanda ya koye shi a aji, bayan ya iya Hausa, ya san ramin da yaro ke faɗawa, don shi ma ta nan ya biyo.

Amma kada hoto ya ruɗi kowa. Farin rairayin nan na Nungwi da Paje gaban otal-otal ya ke, inda baƙi ke kashe kuɗin waje, kuma zuwansu ya na sa kaya tsada. Makarantar da za a ba malami ta na bayan gari, aji cike da yara, littattafai kaɗan. Zafin can mai ɗanshi ne, ba irin namu busasshe ba, ruwan sama kuwa daga Maris zuwa Mayu ya fi duk abin da mutumin bakin Gulbin Rima ya saba gani. Tuwon dawa da fura sai a mafarki; shinkafa da kwakwa da rogo da kifi su ne abinci. Wanda kuma ya shiga da izinin ziyara ya kama aiki, ya karya dokar ƙasa, ko wane ne ya yi masa alkawari. Dillalin da ya ce a fara biyansa kafin a ga takardar aiki, a yi hankali da shi.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, mutane da yawa suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, makarantun ƙauyuka da dama suka zama kango. Malamin Turanci guda ɗaya a irin wannan wuri ba ƙaramar dukiya ba ce, in ya tafi kuwa ba lalle a sami madadinsa ba. Ba mu ga laifin wanda ya nemi inda zai kwana da ido biyu rufe ba, gama ci-rani tsohuwar al'ada ce a Gobir. Amma ɗan ci-rani da damina ta faɗi ya kan komo gona. Kyawun shirin Gwamnati shi ne ya yanke wa'adi, shekara 2 a dawo. Abin da ya rage ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomin nan biyu shi ne, malamin da aka zaɓa su ba shi izinin tafiya a rubuce, su ajiye masa gurbinsa da matsayinsa, su kuma sa wani ya riƙe ajinsa har ya komo.