TOKA DA MAN KAƊE: MAGANIN SHARA YANA CIKIN GIDA

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, idan ya iso Kankiya ya dubi gefen titi, zai ga wani amfanin gona wanda babu manomin da ya shuka shi, watau leda. Haka kuma zai gani idan ya ratse zuwa Kusada. Akwai ledar garin sabulu, da ta ruwan sha, da robar man shafawa. Da rani iska ta kwashe su ta rataye a ƙaya. Da damina su toshe magudanan ruwa, sauro ya sami wurin hayayyafa. Akuya kuwa idan ta haɗiye leda sai ta yi ta ramewa, ba a sanin dalili sai ranar da mahauci ya farke tumbinta.

Hukuma ta daɗe tana fama da wannan matsala. A 1984 gwamnatin soja ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma ta haɗa da tsabtace muhalli, aka riƙa fitowa shara a ƙarshen wata. Amma tsintsiya ba ta hana shara shigowa, kwashe ta kawai take yi. Ƙasar Ruwanda ta hana amfani da jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu a nan, kafin doka ta iso, akwai abin da kowane magidanci zai iya yi, watau rage sayen abin da ke zuwa cikin leda.

Ba sabon ilmi ake bukata ba. Kafin sabulun kanti ya yawaita, matan karkara da toka suke wanke tukwane. Dalili kuwa shi ne, a cikin tokar karan gero da na dawa akwai wani gishiri mai kaifi, dangin kanwa, wanda yake narkar da maiƙo. Idan aka zuba toka a tukunya mai huji, aka tsiyaye ruwanta, aka dafa shi da man kaɗe ko man gyaɗa ana juyawa har ya yi kauri, sai ya zama sabulu. Wannan ita ce hikimar da ke cikin sabulun salo. Har wa yau ɓawon aduwa yana kumfa, ana wanke tufafi da shi. Ganyen magarya yana wanke kai. Soson da ke yaɗo a jikin danga ya isa wanka. Reshen darbejiya asuwaki ne. Man kaɗe kuma yana maganin kaushi lokacin hunturu. Duk waɗannan idan sun ƙare, juji suke komawa su zama taki.

Sai dai fa a yi hattara, domin ba kowane abin gargajiya ne ke da lafiya ba. Ruwan toka mai ƙarfi yana ƙona fata, yana kuma iya lahanta ido, saboda haka a nisanta shi daga yara. Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, ga shi kuwa a idon jarirai ake sa shi. Wanda ya tuna yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai raina wannan gargaɗi ba. Haka nan idan amai da gudawa ya ɓarke, tilas a koma ga sinadarin kulorin, domin toka ba za ta yi aikinsa ba. Kayan kanti ma suna da nasu haɗarin: wasu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, abin da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi a kansa.

Abin da sana'ar iyayenmu ta rasa shi ne awo. Tsohuwa da ido take gane sabulu ya nuna, kuma ran da ta rasu ilmin ya bi ta kabari. A nan ne aiki ya hau kan ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya, da ma'aikatan sassan lafiya na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada. Ya kamata su zauna da waɗannan tsofaffi, su auna mudun toka nawa ke ɗaukar kwalbar mai guda, su gwada kaifin sabulun, sa'an nan su rubuta da Hausa a koya wa mata a azuzuwan yaƙi da jahilci.

Ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata zai sami sauƙi, mace a cikin gida za ta sami sana'a, gari kuma zai sha iska. Masu iya magana dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.